Babul Hadid: Fim ɗin da 'yan kallon Alkahira suka ƙi a 1958

A shekarar 1958 aka fara nuna wani fim baƙi da fari a gidajen silima na Alkahira mai suna Babul Hadid, wato Ƙofar Ƙarfe, sunan da mutanen birnin suka daɗe suna kiran babbar tashar jirgin ƙasa da dandalin da ke gabanta. Tsawonsa bai kai awa ɗaya da rabi ba. A jikin fastar tallarsa akwai sunaye biyu da babu ɗan kallon da bai san su ba a Masar: Farid Shauƙi da Hind Rustum. Mutane suka yanki tikiti suka shiga da murna, suka fito rai a ɓace. Ba a daɗe ba aka sauke fim ɗin, kuma labarin da ya shahara shi ne har yawu aka tofa wa daraktansa, Yusuf Shahin, a fuska. Daga nan fim ɗin ya yi kusan shekara 20 ba a cika jin ɗuriyarsa ba. Yau kuwa, in aka tara masana fim na ƙasashen Larabawa aka ce su lissafo gwanayen finafinansu, da wuya Babul Hadid ya sauka daga biyar na farko.

Yawancin masu ba da wannan labari sukan rufe shi da cewa 'yan kallon wancan zamani ne ba su waye ba, fim ɗin ya fi ƙarfin fahimtarsu. Ni ban yarda da wannan ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da bai fahimci fim ba hamma yake yi, ya miƙe ya tafi gida. Wanda ya tsaya yana zagi har yana neman darakta, wani abu ya taɓa shi a ciki. Abin da ya taɓa su ɗin shi nake so mu bi sawunsa.

Kusan duk labarin a yini ɗaya yake faruwa, a cikin tashar. Wani dattijo mai rumfar sayar da jaridu, Madbuli, shi ya buɗe da bayanin yadda ya tsinci wani saurayi gurgu yashe a gefen tasha, ya tausaya masa, ya ba shi jaridu yana zagayawa da su, ya kuma sama masa 'yar bukka a bayan layin dogo. Sunansa Ƙinawi, baƙo ne daga Sa'id, wato kudancin Masar, inda talauci ke koro samari zuwa birni. Wata rana Madbuli ya leƙa bukkar, sai ya tarar an manne bangonta kaf da hotunan mata da aka yanko daga mujallu. Tun daga nan dattijon ya sha jinin jikinsa.

Wadda Ƙinawi ya ɗora wa rai ita ce Hannuma, ɗaya daga 'yan matan da ke tallan lemon kwalba a bokiti ba tare da izini ba, suna tsalle daga tarago zuwa tarago, 'yan sanda na fafararsu. Hannuma tana da baki, tana da dariya, tana kuma da wanda za ta aura: Abu Siri, ƙaƙƙarfan ɗan dako da ke fafutukar haɗa kan 'yan'uwansa su kafa ƙungiyar ƙwadago, su huta da wani ubangida, Abu Jabir, mai yankar rabonsa daga guminsu. Hind Rustum ce Hannuma, Farid Shauƙi ne Abu Siri. Ƙinawi kuwa darakta ne da kansa ya fito a matsayinsa, bai wuce shekara 32 ba, da hula a yamutse da riga a yage, yana jan ƙafa.

Akwai wurin da ba na mantawa. A bakin ruwan da ke dandalin tashar, ƙarƙashin katafaren mutum-mutumin Fir'auna Ramsis na Biyu, wanda gwamnati ta kafa a can a 1955, Ƙinawi ya zauna kusa da Hannuma ya fito da sarƙar da ya gada daga mahaifiyarsa. Ya yi mata maganar aure, da gidan da zai yi mata nesa da hayaniyar tasha. Da farko ta biye masa kamar wasa, tana murmushi tana jan zancen. Da ta ga da gaske yake, sai ta fito masa a fili: ita da Abu Siri za ta yi aure, shi kuma me ya mallaka? Ta yi dariya. Ba muguwar mace ba ce, talaka ce da ta san tsadar burodi. Amma kyamara ba ta bi ta ba, ta tsaya a kan fuskarsa, kana kallon yadda wani abu ke karyewa a bayan idanun nan. A samansu kuma ga sarki na dutse, tsaye ƙyam da ƙafafu biyu lafiyayyu.

A ranar jaridun da yake sayarwa suna ɗauke da labarin gawar wata mata da aka tsinta a cikin akwati a garin Rashid. Ƙinawi ya sayi wuƙa. Ya ɗauke bokitin Hannuma ya kai sito, ya ce ta zo ta karɓa. Ita kuwa tana ta shirin tafiyar aure, sai ta aiki ƙawarta Halawatum. A cikin duhu ya daba wa yarinyar wuƙa bai san ba Hannuma ba ce, ya cusa ta a adakar da aka tanada don kayan ɗakin amarya, aka loda a jirgi. Halawatum ba ta mutu ba. Da asiri ya tonu, dare ya yi, Ƙinawi ya rutsa Hannuma a tsakiyar layin dogo da wuƙa a wuyanta, jama'a sun kewaye su. Madbuli ne ya matso yana lallashinsa da muryar uba, yana ce masa yau ne daren aurensa, ya miƙo hannu a sa masa rigar angonci. Ƙinawi ya saki jiki, fuskarsa ta washe, ya zura hannuwa. Ashe rigar da ake ɗaure masu taɓin hankali ce, mai dogayen hannuwa da ake ɗaurewa ta baya. Ma'aikatan asibiti suka ja shi yana ihu yana kiran sunan dattijon da ya amince da shi.

To, su wane ne suka zauna kallon wannan a 1958, kuma me suka zo nema?

A lokacin Masar ita ce uwar fim a duniyar Larabawa. Tun da Ɗal'at Harb ya kafa Studio Misr a 1935, Alkahira take fitar da finafinai gommai a kowace shekara, ana kallonsu daga Bagadaza har Kasablanka. 'Yan kallo sun saba da wani tsari: waƙa, rawa, soyayyar da iyaye suka hana, mugun attajiri, sai kuma ƙarshe mai sanyaya zuciya. Kujerun da suka fi arha a silima ana kiransu tirso, daga kalmar Italiyanci mai nufin aji na uku, kuma nan ne mazaunin leburori da 'yan dako da direbobi da yaran shago. Farid Shauƙi nasu ne, har laƙabi aka yi masa da Malikut Tirso, sarkin 'yan aji na uku, wasu kuma su ce Wahshush Shasha, dodon allo. Ya faro da fitowa a mugu, daga baya ya zama ɗan talakan da ake zalunta har ya kai bango, ya juyo ya tattake azzalumai da damtse. Shekara guda kafin Babul Hadid, a 1957, ya fito a Al-Futuwwa na Salah Abu Saif, labarin baƙauyen da ya shigo kasuwar kayan gwari ta Alkahira yana jan amalanke har ya zama babban dillali. Wanda ya yini yana ɗaukar buhu, in ya ba da 'yan kuɗinsa da daddare, so yake ya ga Farid ya rama masa.

A Babul Hadid an ba su Farid a matsayin ɗan dako irinsu, amma an mayar da shi gefe. Yana da gaskiya a maganar ƙungiya, sai dai kuma shi ne ya kama budurwarsa ya lakaɗa mata duka a sito don ta saɓa masa ta hau jirgi talla. An yaudare shi ya taimaka aka loda adakar da ke ɗauke da yarinyar da aka soka. A ƙarshe ma ba damtsensa ne ya warware lamarin ba, harshen tsoho ne. Tsakiyar allon kuma an miƙa shi ga wani siriri mai ɗingishi da ba su san fuskarsa ba. Duk wanda ya san yadda ɗan kallo ke riƙe jaruminsa kamar ɗan gidansu zai gane cewa wannan kaɗai ya isa ya jawo gunaguni.

Sai dai gunaguni daban, fushi daban. Ba za a ce kuma jini ne ya firgita su ba, domin Misirawa sun riga sun san fim ɗin kisa, suna kuma sonsa. A 1953 Salah Abu Saif ya yi Rayya wa Sakina, a kan 'yan'uwan nan mata biyu na Iskandariyya da suka haɗa kai da mazajensu suka kashe mata 17 don gwalagwalansu, aka rataye su a 1921. Shahararren marubuci Najib Mahfuz yana cikin waɗanda suka tsara labarin, Anwar Wajdi ya fito a jami'in ɗan sanda, Farid Shauƙi yana cikin miyagu. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai. Bambancin a bayyane yake. A can, mai kisa yana wancan gefe, kai kana wannan gefe tare da ɗan sanda, kana jira a kama shi ka tafa. Ka shiga da tsabtarka, ka fita da ita.

Shahin ya hana ɗan kallo wannan mafaka. Shi da mai ɗaukar hotonsa, Alvise Orfanelli, Ba'italiyen Iskandariyya da ya daɗe a harkar, sun riƙa cika allo da idanun Ƙinawi, sannan su nuna maka abin da idanun ke kallo. Hannuma ta jiƙe sharkaf da ruwa ta shiga wani tarago tana sauya kaya, kai da Ƙinawi kuke leƙenta. Ta hau jirgin da wasu samari 'yan birni ke kaɗa kiɗan Turawa tana rawa a tsakaninsu, kai da shi kuke tsaye a bakin taga. A nan ne nake ganin gizo ke saƙar. Hind Rustum ita ce tauraruwar da ake tallata finafinai da surarta, har ana kwatanta ta da Marilyn Monroe. Da yawa daga mazan da suka cika silimar sun zo ne su kalle ta, kuma sun samu abin da suka zo nema. Amma duk sanda suka ɗaga ido suka more, sai fim ɗin ya juyo musu da fuskar wanda suke tarayya da shi a wannan kallo: mutumin da ke yanko hotunan mata da almakashi, wanda ya ɗauki alƙalami ya zana bokiti a hannun ɗaya daga cikinsu don ta zama Hannumarsa. Mujallun da yake yankowa irin waɗanda ake buga taurarin fim a cikinsu ne. Ƙinawi ɗan kallo ne. An zaunar da mutum a kujera, an karɓi kuɗinsa, an nuna masa cewa tsakaninsa da mai wuƙar nan ba nisa sosai. Wa zai ji daɗin wannan?

Akwai kuma zafi na biyu. Mutanen tashar ba miyagu ba ne, amma kowa yana tsokanar Ƙinawi, ana kiransa da gurguntakarsa, ana yi masa dariya in ya yi zancen aure. 'Yan birni sun daɗe da mayar da mutumin Sa'id abin barkwanci, kuma a finafinan lokacin baƙauye da mai naƙasa aikinsu su ba da dariya. Ɗan kallo ya fara dariya yadda ya saba, can tsakiyar fim sai dariyar ta maƙale masa, domin ya ga inda take kai mutum. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, shi kuwa wannan fim a kan naka tudun yake tsayar da kai ya ce ka dubi ƙasa. Kada kuma a manta, cikin masu zama a tirso akwai waɗanda su ma ta wannan tashar suka shigo birni da ƙullin kaya, suna kwana su biyar a ɗaki, ba kuɗin aure, ba ranar samunsa. Attajirin da ke kujerar sama yana iya kallon Ƙinawi a matsayin darasi. Na ƙasa kuwa tonon silili ya gani. Ya zo silima ya manta da halinsa na awa biyu, aka haska masa shi a gaban jama'a, aka kuma nuna cewa ƙarshensa hauka ne. Ina ganin yana da haƙƙin jin ciwo, ko da abin da aka nuna gaskiya ne.

Yanayin ƙasar ma ya ƙara wa wutar fetur. Shekara shida ke nan da juyin 1952 da ya kawar da Sarki Faruƙ. A 1956 Shugaba Jamal Abdul Nasir ya ƙwace mashigin Suwais, Ingila da Faransa da Isra'ila suka kawo hari, aka tilasta musu janyewa. A watan Fabrairun 1958 Masar da Siriya suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya. Mutane suna tafiya kai a sama, rediyo na ta waƙoƙin sabuwar Masar. Ana cikin wannan sai ga wani ya kafa kyamara a ƙofar birnin, wurin da kowane baƙo ke fara sauka, ya nuno tsumma da yunwa da sha'awar da ta rasa mafita. Ga mutane da yawa wannan shanya kayan cikin gida ne a bakin titi. Shi kansa Shahin ba ɗan cikin lungunan Alkahira ba ne. An haife shi a Iskandariyya a 1926 a gidan Kiristoci, ya yi karatu a Kwalejin Victoria, ya tafi Amurka ya koyi wasan kwaikwayo a Pasadena. Da sauƙi a ce da shi: kai wane ne da za ka nuna mu haka?

A waje kuwa labarin ya sha bamban. A wannan shekarar aka shigar da fim ɗin gasar bikin finafinai na Barlin, shekarar da daraktan Sweden Ingmar Bergman ya ɗauki babbar kyauta. Shi ne kuma fim na farko da Masar ta taɓa miƙawa gasar Oscar a rukunin finafinan harsunan waje, ko da yake bai shiga jerin ƙarshe ba. Ke nan masu zaɓe a hukumance sun san darajar abin da ke hannunsu. Hukuncin da ya fi yi wa Shahin ciwo daga kujerun silima ya fito. Wannan kuma ba halin Misirawa kaɗai ba ne. Bayan shekara biyu, a 1960, Michael Powell ya fitar da Peeping Tom a Ingila, shi ma a kan mai kisan da ke kallon mata ta kyamara, masu sharhin Landan suka yi masa rubdugu har sana'arsa ta durƙushe a ƙasar.

Shahin bai durƙushe ba, amma ya ji jiki. Ya yi shekaru da yawa bai sake ɗaukar babban matsayi a gaban kyamara ba, alhali wasan kwaikwayo ne abin da ya fara so. A 1958 ɗin dai ya fitar da fim a kan Jamila Buhairid, 'yar gwagwarmayar Aljeriya, wanda ya dace da zuciyar jama'a a lokacin. Ya yi wasu finafinan kasuwa, ya yi na Salahuddin a 1963, ya je Labanan ya yi aiki da mawaƙiya Fairuz, ya dawo ya yi Al-Ard a kan manoma.

A shekarun 1970 ne Babul Hadid ya farfaɗo, ta talabijin da ƙungiyoyin masu son fim, kuma waɗanda suka gan shi a wannan karo suka rungume shi. Fim ɗin bai sauya ko da daƙiƙa ɗaya ba, masu kallon ne suka sauya. Kashin da Masar ta sha a hannun Isra'ila a yaƙin 1967 ya sa mutane sun daina amincewa da labarin da komai ke ƙarewa lafiya. Nasir ya rasu a 1970. Alkahira ta cika ta batse, aure ya ƙara tsada, samari masu digiri suna zaune gidan iyayensu. Abin da aka ɗauka ƙazafi ne a 1958 ya zama abin da kowa ke gani ta tagarsa. Yadda ake kallon ma yana da tasiri. A silima kana cikin ɗaruruwan maza, ka biya kuɗi, in mutum ɗaya ya yi tsaki sai sahu gaba ɗaya ya ɗauka. A gida kuwa ba ka yanki tikiti don Farid ba, ba wanda ke ganin fuskarka, kana iya yin shiru ka bar abin ya shige ka. Ga kuma tazarar shekara 20: tufafin sun tsufa, jiragen masu hayaƙi sun zama tarihi, mutum yana iya cewa mutanen da ne, ko da a ransa ya san ba haka ba ne. Matasan daraktocin da suka fito da kyamara kan titi a shekarun 1980, irin su Aɗif Aɗ-Ɗayyib da Muhammad Khan da Khairi Bishara da Dawud Abdus Sayyid, sun tarar an riga an share musu hanya. A ƙuri'ar da aka yi a 1996, lokacin cikar silima shekara 100 a Masar, Babul Hadid ya zo na huɗu cikin finafinan ƙasar 100. A wadda bikin finafinai na Dubai ya shirya a 2013 kan finafinan Larabawa baki ɗaya, ya zo na biyu, bayan Al-Mumiya na Shadi Abdus Salam. Shahin ya ga farkon wannan da idonsa kafin rasuwarsa a 2008.

Amma ina da ƙorafi a kan masu kallo na biyun nan, duk da cewa a cikinsu nake. Da suka karɓi fim ɗin, sai suka karɓe shi a matsayin labarin Ƙinawi shi kaɗai: bawan Allah, maraya, wanda birni ya murƙushe. Tausayin ya yi yawa har ya rufe wasu. In ka karanta yabon da ake yi wa fim ɗin, za ka ga shafuka a kan idanun Shahin da ɗingishinsa, za ka ga ana kiran Hannuma mai yaudara, kamar dariyarta ce ta sayi wuƙar. Alhali yarinya ce mai gudun 'yan sanda da bokiti a hannu don ta ci abinci, saurayinta na dukanta, wani na leƙenta, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin da ta karya ba. Na farko sun ƙi kallon Ƙinawi sam. Na biyu sun kalle shi har sun manta da wadda ke cikin adaka.

Masu kallo na uku su ne na yanzu, kuma da wata tambayar suke zuwa. Masar ta yi shekaru tana muhawara a kan cin zarafin mata a titi da motocin haya. Fim ɗin 678 na Muhammad Diyab ya fito da maganar fili a 2010, a watan Yunin 2014 kuma aka yi dokar da ta ambaci wannan laifi da sunansa ta sa masa hukunci. Budurwar da ta girma cikin wannan, in ta kalli Babul Hadid, ba sai an fassara mata kallon Ƙinawi ba, ta san shi a tashar mota. Akwai kuma masu naƙasa, waɗanda ke da dalilin tambaya: me ya sa in za a nuna zuciya mai ciwo sai an haɗa ta da ƙafa mai ciwo? Wannan tambaya tana da nauyi, ban kuma ga yadda masoyin fim ɗin zai kauce mata ba. Iyakar abin da zan ce shi ne Shahin ya nuna ƙafar ba ita ta haukata shi ba, yadda aka riƙa yi da mai ƙafar ne. Amma hoto ya fi bayani daɗewa a ƙwaƙwalwa, kuma hoton da ya rage shi ne gurgu da wuƙa.

Na ga kallo na biyu da na uku sun haɗu a falo ɗaya. Kawuna ya yi karatu a Azhar, kamar ɗaliban ƙasar Hausa da yawa, kuma ta wannan tashar yake hawa jirgi in zai je Iskandariyya. Na kai masa fim ɗin a kwamfuta don ya ga wurin da ya sani. Da farko murna yake yi, yana nuna mana ƙofofi, yana cewa a zamaninsu mutum-mutumin yana nan, sai a 2006 aka ɗauke shi zuwa Giza saboda hayaƙin motoci da girgizar ƙasa da jirage ke jawowa. Yana fassara wa Inna maganganun kafin rubutun ƙasa ya fito. Da aka zo wurin sarƙa sai ya daina magana. Da aka zo wurin riga, na ga ya cire tabarau yana goge ido da bakin hannun rigarsa.

"Ɗana," in ji shi, "na san irin yaron nan. Kowace tasha akwai shi. Mu ma mun yi musu dariya, Allah Ya yafe mana."

Inna tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ban ma ɗauka tana bi sosai ba. Sai ta ɗago kai.

"Malam, ita yarinyar da ya soka fa? An kai ta asibiti?"

Kawu ya ce ai an faɗa, tana da rai, ita ce ma silar da aka gane mai laifin.

"Na ji an faɗa," ta ce. "Aike fa aka yi ta. Bokiti kawai ta je ɗaukowa. Uwarta tana can tana jiran cinikin yau."

Kawu ya buɗe baki zai amsa, ya fasa. A allo an riga an tafi da Ƙinawi, taron ya fara watsewa, 'yan dako sun koma bakin aikinsu. Kyamara ta koma kan wata budurwa da muka riƙa gani jefi-jefi tun safe, wadda ta zo sallama da saurayinta a ɓoye saboda danginsa na wurin, tana tsaye ita kaɗai a gefen layin dogo. Inna ta tashi da farantin shinkafarta, ta tsaya a bakin ƙofa har rubutun ƙarshe ya fito, sannan ta ce in mayar mata wurin da aka aiki yarinyar, tana so ta ga fuskarta da kyau.